Daga ƙwaron Meziko zuwa karan dafi: tarihin jan launi a cikin littattafai

Yau tarihin launi za mu taɓa, launin ja. Wani zai ce, to ja kuma har wani tarihi gare shi? Ƙwarai kuwa. Yanzu da ɗan canji kaɗan yaro zai sayo maka ƙullin galura a kasuwa, ka rina abin da kake so. Amma shekara ɗari biyu da suka wuce, jan da ba ya koɗewa dukiya ne, ana ɓoye sirrinsa, ana fashin jiragen ruwa saboda shi, ƙasashe na aika ƴan leƙen asiri su sato shi. An rubuta littattafai da dama a kai. Mun zaɓo kaɗan daga ciki, ɗaya ƙagaggen labari ne, sauran na tarihi ne da na ilimin haɗa sinadarai, wanda muka sani a lakwal da sunan shimi. In kuka biyo mu a hankali, za ku ga hanyar ta ɓullo har majemar garinmu.

Bari mu fara da ƙagaggen labarin. Marubucinsa Orhan Pamuk ne, mutumin Turkiyya, haifaffen Istanbul, birnin da kakanninmu ke kira Santambul. Littafin ya fito a 1998, an fassara shi da Faransanci a 2001 da sunan Mon nom est Rouge, wato sunana Ja. A 2006 marubucin ya samu kyautar Nobel ta adabi. Labarin ya faru ne a 1591, zamanin Sarki Murad na uku, a tsakanin masu zanen littattafai na fada. Sarki ya sa a yi masa wani littafi a asirce, da irin zanen Turawan Benis, wanda ke fito da fuskar mutum sak yadda take. Wasu daga cikin masu zanen suna ganin hakan kauce wa tafarkin malamansu ne, kai har ma saɓo ne. Rigima ta kai ga an kashe ɗayansu an jefa gawarsa rijiya.

Abin da ya sa littafin ya yi suna shi ne kowane babi da mai ba da labarinsa. Gawar ce ma ta fara magana. Can kare ya karɓa, can itace, can kuɗin zinariya. Sai ga wani babi inda launin ja da kansa ya buɗe baki yana yabon kansa kamar maroƙi ya samu wuri. A nan ne ya faɗi yadda ake haɗa shi: gwanin mai zane ya samo busasshen jan ƙwaro daga ƙasar Indiya, ya daka shi a ɗan turmi har ya zama gari, ya tafasa da wasu haɗe-haɗe, ya tace da ƙyalle. A cikin babin kuma wasu tsofaffin gwanaye biyu da suka makance suna gardama: yaya za a kwatanta ja ga wanda bai taɓa gani ba?

Wannan ƙwaro ba ƙage ba ne. Kalmar da Turkawa ke kiran ja da ita, kirmizi, wadda ke cikin sunan littafin na asali, ta fito ne daga ƙirmiz, sunan da Larabawa da Farisawa suka ba wani ɗan ƙwaro da ke manne a jikin itace, ana busar da shi a yi rini. Daga wannan tushe ne Faransanci ya samu cramoisi. Akwai irinsa a Indiya, akwai a Armeniya, akwai a gaɓar Bahar Rum. Amma wanda ya fi su duka ƙarfi yana can wata nahiya dabam, kuma shi ne wata marubuciya Ba'amurkiya, Amy Butler Greenfield, ta ba da tarihinsa a littafinta A Perfect Red, na 2005.

Sunan ƙwaron koshini. Yana rayuwa a kan wani tsiro mai ƙaya mai faffaɗan ganye kamar tafin hannu, a ƙasashen Meziko da Feru. Mutanen can sun daɗe suna kiwonsa kamar yadda muke kiwon awaki: a kare shi daga ruwan sama da sanyi, a cire masa maƙiya, lokacin girbi a kankare matan da ɗan tsinke ko wutsiyar barewa, a shanya. Sai an tara wajen ƙwaro 70,000 kafin a samu abin da bai cika rabin kilo ba. Da Sifaniyawa suka ci daular Aztek a 1521, suka ga wannan ja a kasuwanni, sai suka gane sun yi tsintuwa. Ba a jima ba koshini ya zama na biyu bayan azurfa cikin kayan da ake fitarwa daga Meziko. Da shi aka rina tufafin sarakunan Turai da na manyan limaman coci.

Sifaniya ta riƙe sirrin gam. Ƙwaron in ya bushe kamar ƙwayar hatsi yake, don haka Turawa suka shafe fiye da shekara ɗari suna musu: iri ne ko dabba? Sai da wani mutumin Holan, Leeuwenhoek, ya duba shi da madubin ƙara girman abu a 1704, ya ga ƙafafu da sauran gaɓoɓi. A 1777 wani Bafaranshe masanin tsirrai, Thiéry de Menonville, ya shiga Meziko da sunan neman magunguna, ya sulale har lardin Oaxaca, ya ɓoye ƙwaron da tsironsa cikin akwatuna ya tsere da su zuwa tsibirin da yanzu ake kira Hayiti. Bai ci moriyar wahalarsa ba, don ya mutu a 1780, gonar kuma ta lalace bayansa. Daga baya, a ƙarni na 19, kiwon koshini ya kama a tsibiran Kanari, kusa da gaɓar Maroko, manoma suka sare gonakinsu suka dasa tsiron ƙaya, kuɗi ya shigo.

To, mu ajiye ƙwaro nan tukuna, mu ɗauko na biyu, wanda saiwa ce. Faransawa na kiran tsiron garans, Larabawa na ce masa fuwwa. Ana barin sa shekara biyu zuwa uku a ƙasa, a tono saiwar, a busar, a niƙa. Ba ya kama tufa da kyau sai an fara jiƙa ta da alam. Wani ɗan Armeniya da ya yi zaman bauta a Turkiyya ya tsere, Jean Althen, shi ne ya yaɗa nomansa a yankin Avignon, kudancin Faransa, a ƙarni na 18. Har yau akwai gari mai sunansa. Yankin ya yi arziki da wannan saiwa, kuma daga 1829 sojojin ƙasa na Faransa suka soma sa jan wando da aka rina da ita.

A nan ne ƴan shimi suka shigo. A 1826 wasu Faransawa biyu, Robiquet da Colin, suka ware ainihin sinadarin da ke ba saiwar launinta, suka sa masa suna alizarin. A 1856 wani yaro ɗan shekara 18 a Ingila, William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa kinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, sai abin ya ƙi, ya bar masa wani baƙin dabbare a gindin kwalba. Da ya wanke sai ya ga launin shunayya. Wannan ne ya buɗe ƙofar rinin masana'anta, wanda ake samu daga kwalta, wato baƙin gudaron da ke fita in an gasa gawayin ƙasa. Shekara goma sha biyu bayan haka, a 1868, Jamusawa biyu, Graebe da Liebermann, suka haɗa alizarin ba tare da saiwa ko ɗaya ba. A 1869 kamfanin BASF na Jamus da Perkin suka yi tseren yin rajistar hanyar haɗa shi da araha, Jamusawa suka riga shi da kwana ɗaya tak.

A littafin shimi wannan nasara ce, kuma gaskiya nasara ce: talaka ya samu jan zane da da sai mai hali. Amma ku dubi manomi. Abin da yake jira shekara uku, masana'anta na fitar da shi cikin kwanaki, da tsabta, da rahusa. Cikin shekara goma sha wani abu noman garans a kudancin Faransa ya durƙushe. Mutanen tsibiran Kanari su ma farashin koshini ya faɗi warwas, da yawansu suka tashi suka yi ƙaura zuwa Kuba da wasu ƙasashen Amurka ta Kudu. Abin da zai ba ku mamaki, sojan Faransa bai daina sa jan wando ba, sai dai rinin yanzu daga Jamus ake sayo shi. Da shi ya shiga yaƙin 1914, ana hango shi daga nesa a cikin gona. Ranar 22 ga Agusta ta shekarar kaɗai an kashe sojan Faransa wajen 27,000. Ba wando kaɗai ya jawo ba, bindigogi masu ruwan harsashi da dabarun manyan hafsoshi sun fi shi laifi, amma a 1915 aka canza kakin zuwa shuɗi mai haske. Wanda ke son wannan ɓangare na Turai da Faransanci, akwai littafin Michel Pastoureau, Rouge, histoire d'une couleur, na 2016.

Yanzu ku saurara da kyau, don ga inda zancen ya juyo gida. Shi William Perkin yana da ɗa, Arthur George Perkin, wanda ya zama farfesa a Leeds. Uba ya kawo rinin kwalba, ɗa kuma ya ƙare rayuwarsa yana binciken rinin itatuwa da ciyayi. A 1910 ya buga sakamakon bincikensa a kan wata jar dawa da aka aiko masa daga Sudan. Abin da ya ja hankalinsa shi ne wannan rini yana kama ulu da kansa, ba ya buƙatar alam kamar garans. Ya sa wa sinadarin suna dura-santalin, daga dura, sunan dawa da Larabci. Wannan jar dawa ƴar uwar wadda muke kira karan dafi ce.

Duk wanda ya taso kusa da dukawa ko majema ya san karan dafi. Dawa ce da ake shukawa don launinta, ba don tuwo ba, sau da yawa ƴan layuka a gefen gona. Launin yana cikin gindin ganyen da ya nannaɗe kara, wanda kan yi ja wur har ya doshi baƙi. A ɓare shi, a busar, a daka, a jiƙa da ruwan kanwa ko ruwan toka, launi ya fito. Fatar da aka riga aka jeme da bagaruwa sai a shafe ta da wannan ruwa, a bi da ruwan lemun tsami ko tsamiya don jan ya yi haske. Baƙi kuma akwai kuloko, rawaya akwai gangamau. Da wannan ja ake yin gafaka da kube da kayan doki da takalma, da shi ake rina kaba ta tabarma da faifai. Wani likita ɗan Sikotilan da ya yi aiki a arewacin Nijeriya, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai da Hausa a 1916, sannan a 1937 ya fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma, karan dafi na ciki.

Tun kafin shi, Heinrich Barth, Bajamushen nan da ya yi yawo da sunan Abdul Karim, ya biyo ta Agadas a 1850, ya ratsa Tasawa da Katsina ya isa Kano a farkon 1851, daga baya kuma ya zauna Damagaram. A littafin tafiyarsa ya lissafa kayan da Kano ke fitarwa, ya ambaci jajayen fatu da ake rinawa da ruwan karan dawa, ya ce ana kai su da yawa har Tarabulus. Hanyar ayarin kuwa ta ƙasarmu ta bi: Damagaram, Damargu, Abzin, Gat, Gadamas. Unguwar Zango ta Damagaram masaukin waɗannan fatake ce. In fatar ta haye teku ta isa Turai, ba wanda ke tambayar wane gari aka jeme ta. Tunda daga arewacin Afirka aka loda ta, sai ta shiga cikin abin da suke kira maroquin, fatar Maroko. Ke nan wani kashi na fatar da ta yi wa Maroko suna, hannun Bahaushe ne, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi.

Me Turawa ke yi da ita? Babban aikinta shi ne bangon littafi. Wajen 1900 masu kula da ɗakunan karatu a Ingila suka lura bangon littattafan da aka yi da fatar masana'antunsu yana marmashewa cikin ƴan shekaru, saboda asid da ake sawa wajen jima da rini, har aka kafa kwamiti a kai. A 1901 wani gwanin ɗinkin littafi, Douglas Cockerell, ya rubuta littafin koyar da sana'ar, ya nuna cewa fatar da ya fi samun amfaninta ita ce ta akuya da kamfanin Royal Niger ke kawowa daga Afirka, ya yabi launinta da ƙarkonta. Daga nan masu sana'ar suka riƙa kiranta fatar Niger. Akuyar kuwa kun san ta: jar akuyar Sakkwato, wadda a wajenmu ake kira jar akuyar Maraɗi, wadda aka buɗe wa cibiyar kiwo a Maraɗi tun farkon shekarun 1960. Don haka a manyan ɗakunan karatu na Turai akwai littattafai da ke sanye da rigar da majemanmu suka jeme.

Ƴan shimi ba su bar karan dafi nan ba. Yau an san babban sinadarin da ke cikinsa, sunansa afijeninidin, kuma a shekarun 1990 masu bincike na jami'ar Wagadugu sun ware shi daga ɓawon jar dawa ta Burkina, sun nuna yana da yawa ƙwarai a ciki. Dangin launin zoɓo ne, wato bisaf, amma da ɗan bambanci a ginin ƙwayarsa: akwai wata gaɓa guda da na zoɓo ke da ita, shi ba ya da ita. Rashin wannan gaɓa ne ya sa ya fi jure wuta da canjin tsami, bai cika koɗewa da wuri ba. Ita dawar tana ƙera irin waɗannan sinadarai ne don kare kanta daga cutar fumfuna. Abin da baduku ya sani da hannu, cewa kanwa na jawo launin ya yi duhu, tsami kuma na buɗe shi, shi ne ɗalibin shimi ke aunawa da takardar gwajin tsami. Wata masaniya ta cibiyar bincike ta Faransa, Dominique Cardon, ta sa jar dawa cikin babban littafinta Le Monde des teintures naturelles, na 2003, kafaɗa da kafaɗa da koshini da garans.

Kuma ba fata kaɗai ba. Wanda ya je Gana ya ci wace, shinkafa da wake mai launin ja, wadda sunanta ma daga kalmarmu ta wake ya fito, to da ganyen jar dawa aka dafa ta. A Benin da shi ake rina wagashi, cukun Fulani.

To mene ne darasin? Koshini bai mutu ba. Da aka soma shakkar wasu launukan masana'anta a cikin abinci, har Amurka ta hana wani jan launi a 1976, sai kasuwa ta koma neman na halitta. Yau Feru ce kan gaba a duniya wajen fitar da koshini, in kuka ga E120 a jikin kwalin yawur ko alewa, shi ne. Mutanen Feru sun ci wannan kasuwa ne don ba su yar da ƙwaron ba, ba su manta kiwonsa ba a shekarun da ba ya kuɗi. Garans kuwa a Faransa sai da aka nemi masu sanin aikinsa aka rasa, aka koma tono tsofaffin takardu.

Mu muna tsakanin waɗannan biyu. Galura ta fi sauƙi, ba daka, ba jira, kuma ba mai ganin laifin baduku in ya bi abin da zai fisshe shi da iyalinsa. Fatunmu da yawa suna fita ɗanye ko rabin jima, a ƙarasa su a wata ƙasa da wani suna, kamar dai zamanin ayari. Amma har yanzu akwai tsofaffi a majemu, daga Damagaram zuwa Gamkale ta Yamai, da suka san yawan kanwar da ake sawa, da lokacin da ake ɓare kara, da yadda ake gane jan karan dafi daga jan galura da ido kawai. Akwai kuma manoman da ke ajiye irin. Iri in ya ɓace ba ya dawowa, ilimin da ke cikin kai kuma tare da mai shi ake rufe shi.

Turkawa sun samu wanda ya ba jansu baki ya yi magana. Mutanen Meziko sun samu mai rubuta tarihin ƙwaronsu. Namu jan yana warwatse, layi biyu a littafin Barth, ɗan sashe a na Dalziel, wasu shafuka a na Cardon, duka da harsunan wasu. Muna da jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, muna da ɗaliban shimi da na tarihi da ke neman abin da za su rubuta a kai, muna da marubutan Hausa maza da mata. Salula ma ta isa a fara: ka je wurin tsohon baduku na unguwarku da ladabi, ka nemi izini, ka naɗi bayaninsa daga shuka har shafawa.

Jama'a, wanda a garinsu ake shuka karan dafi har yanzu, ko ake rini da shi, ya faɗa mana sunan garin da yadda ake yi a can, za mu kawo shi a shiri na gaba.